Shinkafar Lafiya Ba Ta da Suna a Buhu

A matattarar injinan gyaran shinkafa ta garin Lafiya, tun da asuba ake hura wuta a ƙarƙashin gangunan turara shanshera. Kafin hantsi an baza shanya, ƙarar injina ta cika wuri har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, ɓuntu kuma ya taru tsibi-tsibi a bayan rumfuna. Dillalai na ciniki, 'yan dako na lodi, motoci na fita zuwa Abuja da Jos da Makurdi da garuruwan Kudu. Gidaje da dama a jihar Nasarawa daga nan suke samun na cefane da na makarantar yara. Sai dai da wuya a sami wanda zai faɗi sunan mutumin da ya ƙago tsohon injin casar da wannan sana'a ta ginu a kansa.

Sunansa Evaristo Conrado Engelberg, injiniya ne ɗan ƙasar Birazil. A 1885 ya yi wa ƙirarsa rajista a Ingila, a 1888 kuma aka kafa kamfani a garin Syracuse na Amurka don a ƙera injin a sayar wa duniya. Ƙirar ba ta da sarƙaƙiya: sandar ƙarfe ce mai tsaga-tsaga take juyawa a cikin raga, ƙwayoyin shinkafa na gugar juna suna gugar ƙarfe har ɓawo ya saɓule. Yana da aibinsa, don yakan karya shinkafa, yakan kuma cakuɗa dusa da ɓuntu, shi ya sa manyan masana'antu suka bar shi tuntuni. Amma yana da ƙarko, kuma duk bakaniken da ya san hannunsa zai kwance shi ya ɗaura. Kariyar da doka ta ba Engelberg ta ƙare fiye da shekara ɗari da suka wuce. Daga nan injin ya zama na kowa. Indiya ta ƙera, Sin ta ƙera, masu walda a garuruwanmu suka riƙa yi masa kayan gyara, ba wanda ya biya magadansa ko kwabo, kuma ba wanda ya yi laifi.

Abin da ake nufi da kare haƙƙin mallakar fasaha ke nan, kuma mutane da yawa rabinsa kawai suka sani. Yarjejeniya ce tsakanin mai basira da al'umma. Hukuma takan ce masa: rubuta mana dalla-dalla yadda abin nan yake aiki, ta yadda duk wani gwani a fannin zai karanta ya ƙera irinsa, mu kuma za mu hana kowa ƙerawa ko sayarwa sai da izininka, na wasu shekaru ƙayyadaddu. In wa'adi ya cika, ilimin ya koma hannun jama'a. Rabin farko shi ke sa mutum ya yarda ya ƙarar da dukiyarsa da ƙuruciyarsa a kan gwaji. Rabi na biyu shi ya kawo injin Birazil har Lafiya a farashin da talaka zai iya. Birnin Venice na Italiya ne ya fara rubuta irin wannan doka a 1474, Ingila ta biyo baya a 1624. Da ciniki ya ƙetare iyakoki, sai ƙasashe suka haɗu a Paris a 1883 da Bern a 1886, suka yarda su riƙa mutunta haƙƙin 'yan ƙasashen juna.

Mu ma ba mu rasa hanyar tsare fasaha ba kafin zuwan Bature. Tamu hanyar ita ce asiri da gado. Maƙeri ba ya nuna wa bare sirrin narkar da tama. Marini yana ɓoye yadda yake haɗa baba da toka. Maɗori da wanzami da mai maganin gargajiya sai ɗan gida suke koya wa, shi ma sai an ga hankalinsa. Tsarin ya yi aiki, ya tsare abincin gidan, ya kuma tsare mutuncin sana'a, don wanda ya gaji abu yana jin kunyar ɓata sunan uba. Amma akwai asarar da ba mu cika lissafawa ba. Kusan kowane gari yana da labarin wani tsoho da ya san maganin sarar maciji ko na karaya, 'ya'yansa suka tafi boko ko birni, ya rasu da abinsa a ciki. Ba a sace masa ba, ba a kuma amfana ba. A ganina babban amfanin dokar zamani a wurinmu shi ne ta ba irin wannan mutum dalilin buɗe baki, ba tare da tsoron za a bar shi hannu rabbana ba.

A wajen malamai kuwa al'adar dabam ce. Littafi na kowa ne ya kwafa. Ɗalibi ya ari na malaminsa ya zauna da tawada da alƙalami. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a shafe sunan mawallafi, ko mutum ya jingina wa kansa aikin wani. Shi ya sa marubuta waƙoƙin ajami sukan saƙa sunansu a baitocin ƙarshe, su ɓoye shekara a ramzi. Haƙƙin suna mun san shi tun da daɗewa. Haƙƙin kuɗi ne ya zo da gardama, don wasu na ganin ilimi ba hajar sayarwa ba ne, ɓoye shi ma laifi ne. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan batun a Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira duk dukiya ce da shari'a ta tsare, ba ya halatta a keta.

A Najeriya dokar da ke kula da ƙirƙire-ƙirƙire ta 1970 ce, kuma har yau da ita ake aiki. Ta gindaya cewa abin ya zama sabo, ya zama akwai basirar da ba kowane ma'aikacin fannin zai hango ba, ya kuma zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Ana shigar da takardu a ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, kariyar kuma shekara 20 ce daga ranar shigarwa, muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara. Akwai ramuka a cikinta da mutanenmu ke faɗawa. Wanda ya riga kai takarda shi doka ta sani, ko da wani ya riga shi tunani. Sannan duk abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya tashi daga sabo, ko da mai abin ne ya bayyana. Saurayin da ya haɗa wata na'ura a Shabu ko Bukan Sidi, murna ta ɗebe shi ya ɗora bidiyonta a TikTok yana nuna ciki da bai, ya rushe haƙƙinsa da hannunsa tun bai kama hanyar Abuja ba. Haka malamin jami'ar da ya yi gaggawar buga sakamakon bincikensa a mujalla don neman ƙarin girma. Bayan haka, ofishin ba ya binciken ko da gaske abin sabo ne. Cikar takardu kawai yake dubawa, in rigima ta taso sai a je Babbar Kotun Tarayya. Takardar ba ta kama ɓarawo da kanta, sai mai ita ya ɗauki lauya.

Labarin da ya fi nuna alherin tsarin da kuma iyakarsa a ƙasar nan shi ne na maganin sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Wani limamin coci a jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, yana da haɗin gargajiya da yake ba masu ciwon. Maimakon ya tafi da sirrinsa kabari, sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, a zamanin Farfesa Charles Wambebe. Aka gwada haɗin, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, aka sa masa suna Niprisan, aka yi masa rajista a Amurka a 1998, da sunan limamin cikin jerin masu ƙirƙira. Har nan komai ya tafi yadda ake so. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka izinin sarrafa shi shi kaɗai, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006. Ba a rufa shekara uku ba kamfanin ya durƙushe, aka soke izinin a 2009, magani ya yi ɓatan dabo a kasuwa, iyaye suka koma neman abin da za su ba 'ya'yansu. A lokacin takardar mallaka tana nan daram. Abin da aka rasa shi ne masana'anta mai jari, da kuma hangen kada a damƙa wa hannu ɗaya maganin da rayuka suka dogara da shi.

Haɗarin hannu ɗaya ya fi fitowa fili a kan maganin cutar ƙanjamau. A shekarar 2000 maganin mutum ɗaya na shekara ya haura dala 10,000, don kamfanonin da ke riƙe da haƙƙinsa su ke yanka farashi. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da irinsa a dala 350. A Afrilun shekarar kamfanoni 39 da suka maka gwamnatin Afirka ta Kudu a kotu suka janye ƙara saboda tofin Allah-tsine da duniya ta yi musu, a Nuwamba kuma taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Doha ya tabbatar cewa kowace ƙasa na da ikon fifita lafiyar jama'arta. Duk wanda ke karɓar wannan magani kyauta yau a asibitocin Lafiya da Doma da Akwanga, albarkacin wancan faɗa yake ci. Shi ya sa ba na cikin masu cewa duk tsananta kariya alheri ne.

Mu dawo gida. In aka duba abubuwan da suka sauƙaƙa rayuwa a Lafiya cikin shekaru arba'in ɗin nan, yawancinsu ta hanyar kwaikwayo suka yaɗu. Injin markaɗe da ya raba mata da dutsen niƙa, injin gurzar rogo, na ɓarar gyaɗa, na ɓarar agushi: wani ya gani a Makurdi ko Kaduna, ya auna da ido, ya dawo ya yanka ƙarfe, na gaba da shi ya ƙara wani abu. Tsakanin 2011 da 2016 hukumar JICA ta Japan ta yi aiki da masu gyaran shinkafa a Lafiya da Bida, kuma abin da na fi ganin darajarsa cikin abin da ta koyar ba wata babbar na'ura ba ce. Faifan ƙarfe ne mai huda-huda da ake sawa a cikin ganga, ya raba shanshera da ruwan da ke ƙasa, a rufe da marfi, tururi kaɗai ya dafa ta, kamar dai yadda madambaci ke yi wa dambu. Ta ƙasa ba ta ƙonewa ko ta caɓe, launi ya fito fes, karyayya ta ragu, farashi ya ɗaga. An so kowa ya kwaikwaya ne. Da an ɗaure wannan faifai da takardar mallaka, da an cuci masu turara ba tare da an amfani kowa ba.

Haka labarin Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai danshi. Ruwa na tsotsewa yana fita da zafi, gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. Ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000 a shekarar 2000, ya ci gaba da yaɗa tukwanen a ƙauyuka. Sanyin randa kakanninmu sun san shi. Nasa ƙoƙarin shi ne ya mai da shi ma'ajiyar kayan gwari, ya kuma kai wa masu bukata. Irin wannan basira ta gyara abin da ake da shi ita ta fi yawa a wurinmu, kuma ita ce dokar 1970 ba ta ware wa babi ba. Jamus da Sin da Japan suna da rajista mai sauƙi, mai araha, mai gajeren wa'adi don ƙananan gyare-gyare. Maƙwabciyarmu Nijar ma tana da ita, ta shekara 10, ta hannun ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Mai waldan Lafiya da ya gano yadda injin ɓarar agushi zai daina fasa ƙwaya kuwa, ko dai ya nemi babbar takardar da wataƙila ba ta dace da shi ba, ko ya zuba ido maƙwabcinsa ya kwafe cikin mako guda.

Masu waƙa da fim da littafi su dokarsu sabuwa ce. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Maris ɗin 2023. Ba ta bukatar rajista, da ka rubuta ko ka naɗa haƙƙi ya tabbata. Na marubuci da mawaƙi yana nan tsawon ransa da ƙarin shekara 70, wato littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, suna cikin kariya har 2051, waƙoƙin Mamman Shata kuwa har 2069. Dokar ta ba mai abu damar ya sa a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izini ba, ta kuma sa tatsuniyoyi da kiɗa da raye-rayen gargajiya ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, abin da ya shafi Eggon da Alago da Migili da Gwandara kamar yadda ya shafi Bahaushe. Amma kowa ya san abin da ke gudana a bakin kasuwa da tashar mota: saurayi da kwamfuta a kan teburi, a ba shi ɗan canji ya cika waya da finafinai da waƙoƙi. Harkar finafinan Hausa da ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990 a kan sayar da kaset da faifai ta rayu, turin finafinai a waya kuma ya taimaka wajen kashe wannan kasuwa. Ba na goyon bayan a bi yaran nan da kulki, na kansu suke nema a ƙasar da aiki ya yi wuya. Amma abin da suke sayarwa gumin wani ne, kuma gyaran shi ne a mai da su dillalai masu izini, a riƙa cire wa mai fim rabonsa.

Duk da haka, in aka tambaye ni wace kariya Lafiya ta fi bukata yau, zan ce ta suna. Ita ce mafi araha, ba ta ƙarewa, kuma tana tsare mai saye kamar yadda take tsare mai sayarwa. Dokar tambarin kasuwanci ta 1965 tana ba da shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14 har illa ma sha Allahu. Ba ita ce rajistar sunan kamfani a CAC ba, ba kuma ita ce lambar NAFDAC ba. 'Yan kasuwa da yawa sun ɗauka da sun yi ɗaya sun gama. Manomin da ya taɓa sayen maganin feshi na jabu ya yi asarar damina ya san darajar tambari. Haka mai adana wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka yaɗa shi a Najeriya da Nijar daga 2007, ana kuma yin sa a Kano. Dabararsa kowa zai gane: a toshe iska, ƙwari su mutu, ba sai an barbaɗa guba a abinci ba. Amma in ledar ba ta da kauri aikin banza ne, kuma ba kowane ido ke bambancewa ba. Sunan da ke jikin buhun shi kaɗai ne shaidar manomi.

To, shinkafar Lafiya da wane suna take fita? A Rukubi ta ƙaramar hukumar Doma, kamfanin Olam yana da gona da masana'antar da aka buɗe a 2014, shinkafarsa kuma tana shiga kasuwa da sunan da matan Legas suka sani, Mama's Pride. Jiha ɗaya, damina ɗaya. Ta masu ƙananan injina kuwa akasari a buhun da ba rubutu take fita, ko a wanda aka saya a kasuwa mai ɗauke da sunan wani. Sananne ne a ƙasar nan cewa akan juye shinkafar gida mai kyau a buhun 'yar waje don a sami ƙarin kuɗi. Dubi asarar: in ta yi daɗi, yabo ya tafi Tailan, in haƙori ya ci karo da tsakuwa, a ce ai 'yar gida ce. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi injin cire tsakuwa, ya yi shanya a kan siminti ko tampol maimakon gefen titi, da wuya farashinsa ya wuce na wanda bai yi ba, don mai saye a Abuja ba shi da hanyar rarrabewa sai ya kwance buhu. A irin wannan kasuwa mai gyara aiki shi ke asara, shi ya sa gyaran ba ya ɗorewa.

Mutanen Galmi, a jihar Tawa ta Nijar, sun ɗanɗana abin da kan faru in suna ya yi daraja ba a tsare shi ba. Albasarsu ta shahara daga Abijan har Kumasi saboda yaji da jure ajiya. A 2006 wani kamfanin iri da ke Senegal, Tropicasem, ya nemi OAPI ta ba shi mallakar irin da sunan Violet de Galmi. Da labari ya iso, manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya saki sunan ya koma kiran nasa Violet de Damani. Nijar ba ta tsaya nan ba, ta bi hanya har aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankinsu. A irin wannan rajista ba mutum ɗaya ke da sunan ba, na duk masu sana'ar yankin ne da suka bi ƙa'idar da aka rubuta, kuma a ƙasashen ƙungiyar ba wanda zai noma albasa a wani wuri ya kira ta 'yar Galmi. Kamaru ta yi wa masoron Penja da zumar Oku haka tun 2013. Kilishi dai da mu da su duk muna yi, amma su suka riga mu rubutawa.

Jihar Nasarawa cike take da kayan da suka cancanci haka. Akwai gishirin Keana da na Awe, wanda mata ke tace ƙasar gishiri a tukwane masu huda, su dafa ruwan har ya ƙafe, sana'ar da ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, ta kuma haifi bikin Oyarore. Akwai riɗin Doma da ake fitarwa ƙasashen waje, da doyar da ake lodi a Agyaragu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman doya a duniya, amma a shagunan Landan da sunan Ghana aka fi sanin doya. Har yanzu ƙasar nan ba ta da doka ta musamman da ke kare sunan yanki, ba ta kuma cikin OAPI. Sai dai dokar 1965 ta bar wata ƙofa a buɗe: tambarin shaidar inganci, wanda wata hukuma ko ƙungiyar da ba ta sayar da kayan da kanta za ta riƙe, ta ba duk wanda ya cika sharaɗi izinin bugawa a buhunsa.

Wahalar wannan ba a Abuja take ba, a gida take. Kafin a buga sunan Lafiya a buhu sai an zauna an amince: wane iri ne, FARO 44 da manoma ke kira sipi ko wani, yaya za a turara, ina iyakar karyayya, buhu mai kilo 50 kuma ya zama kilo 50 ɗin ne. Sai an sami masu duba kaya da ba a toshe musu baki da na goro, da kuma ƙarfin halin ƙwace tambari daga hannun wanda ya yi algus, ko da shugaban ƙungiya ne ko surukinsa. Buhu ɗaya mai tsakuwa ya isa ya ɓata sunan saura. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aikin da sarkin pawa da sarkin maƙera da sarkin kasuwa suka saba yi ke nan, sai dai yanzu a rubuce. Lafiya ma ta yi dace, don Mai Martaba Sarki, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, daga kujerar Kotun Ƙoli ya hau gadon sarauta a 2019. Ba a rasa wanda ya san doka, ya kuma isa ya tara mutane ba.

Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Kwalejin Fasaha ta Isa Mustapha Agwai suna yaye ɗalibai duk shekara, kowanne da aikin kammalawa, wasu da na'urar da suka ƙera da hannunsu. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa tun 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira shigar da takardunsu. Ya kamata makarantun nan su sa wanda zai riƙa duba ayyukan ɗalibai kafin a baje su, su kuma buɗe ƙofa ga mai walda da mai maganin gargajiya da ba su taɓa zama a aji ba, a rubuta musu yarjejeniya da harshen da suke ji kafin su faɗi abin da suka sani. Ma'aikatar ciniki ta jiha ta ɗauki nauyin tambarin shinkafa da na gishiri. Sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 5 da jihar nan ke da su a Abuja kuwa, muna roƙonsu don Allah su tsaya kai da fata a kan dokoki biyu, ta kare sunan yanki da ta rajistar ƙananan ƙirƙire-ƙirƙire, don wadda muke aiki da ita ta haura shekara hamsin.